Yaya Aka Yi Kwaɗo Ya Ƙetare Teku?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Kogin Kaduna cikin watan Agusta, musamman ta wajen lambun Gamji, ya san irin kayan da ruwa kan ɗauko idan ya cika ya batse. Za ka ga kututturan itatuwa da tarin ciyawa da kainuwa suna wucewa, wani lokaci har da ƙadangare a bisa, ya maƙale yana rarraba ido. Ɗalibi ya riƙe wannan hoto a zuciya, domin da shi za mu warware wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masana nazarin halittu kai.

A Mashigin Tekun Gini, kudu da Nijeriya, akwai tsibirai huɗu da suka jeru kamar an ja su da igiya: Biyoko, Firinsife, Sawo Tome da Annobon. Dukkansu aman wuta ne ya gina su, wato narkakken dutse ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙarƙashin teku yana daskarewa, har ya taru ya leƙo saman ruwa. Layin bai tsaya a teku ba. Ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya bi ta Tafkin Niyos, inda iskar da ta fashe daga ƙasan ruwa ta hallaka mutum fiye da 1,700 a daren 21 ga Agusta, 1986. Masana da dama suna lissafa tsaunukan Biu na Jihar Borno a matsayin reshen wannan layi.

Matafiyin da jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya sauke a Sawo Tome, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne baƙin dutse a bakin gaɓa, da kurmi kore shar da ya lulluɓe tsauni mai tsayin mita 2,024. Mai nazarin halittu kuwa tambaya ce za ta fara zo masa: daga ina duk waɗannan rayayyun abubuwa suka fito? Ranar da tsibirin ya fito daga ruwa ko ƙwayar ciyawa babu a kansa, kuma bai taɓa haɗewa da nahiyar Afirka ba, tsakaninsa da gaɓar Gabon akwai kimanin kilomita 250.

Biyoko ba ya ba mu wahala. Kilomita 32 kacal ke tsakaninsa da Kamaru, ruwan wurin kuma ba shi da zurfi. A zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ta janye, tsibirin ya zama ɓangaren nahiya, birai da gada suka taka da ƙafarsu suka shiga, sai kimanin shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya dawo ya datse hanya. Shi ya sa dabbobinsa suka yi kama da na Kamaru. A Sawo Tome kuwa, biran da ake gani yau mutane ne suka kai su, bayan Turawan Fotugal sun iso wajen shekarar 1470 sun tarar babu kowa.

Tsuntsu da jemage suna da fiffike. Ƙananan irin tsirrai iska kan ɗauke su, wasu kuma su zo a cikin kashin tsuntsu. Duk wannan mai sauƙin fahimta ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kwaɗo. Fatarsa ruwa na ratsa ta, idan ya faɗa ruwan gishiri sai ruwan jikinsa ya riƙa fita har ya mutu, ƙwansa kuma ba shi da ɓawo. Charles Darwin da kansa ya lura cewa tsibiran tsakiyar teku galibi ba su da kwaɗi. Amma ga su nan a Sawo Tome da Firinsife, nau'o'in da ba a samun su ko'ina a duniya sai can, har da wata 'yar uwarsu ruwan ɗorawa marar ƙafa, wadda baƙo zai rantse tana ce ko ɗan maciji.

A 2007 John Measey da abokan aikinsa suka kawo bayanin da ni dai ya fi kwanta mini a rai. Kogin Kwango yana zuba ruwa kusan mita 40,000 mai siffar kubu a teku kowace daƙiƙa. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka yakan shimfiɗu a sama ya yi nisa kafin su gauraye. Idan ambaliya ta yanko gaɓa da ƙasarta da saiwoyinta, sai ta zama kwalekwale, irin dai wanda muke gani a Kogin Kaduna amma ya ninka shi girma, kwaɗin da ke ciki kuma su yi tafiya a kan ruwan da gishirinsa ya ragu. Dubbai za su nutse a hanya. Sai dai tsibirin ya kai shekara miliyan 13 da kafuwa, ko sau ɗaya aka dace cikin shekara dubu ɗari ya wadatar.

Malamai za su iya jarraba wani ɓangare na wannan batu a aji, kamar yadda Darwin ya yi a 1855. A narka giram 35 na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa, gwargwadon gishirin teku ke nan. A jiƙa irin gero da wake da kuɓewa da ƙwallon aduwa a kwalabe dabam-dabam. Kowane mako a tsamo goma daga kowace kwalba, a ɗauraye, a shuka, a rubuta adadin da ya tsiro. Kada a manta da rubuta wanne ya nutse, wanne ya yi ta yawo a sama, domin irin da ya jure gishiri amma ya nutse ba zai taɓa kaiwa tsibiri ba.