Darasin Turanci: Kalmomin Basira da na Wayo

Da yawa a cikinmu su kan rubuta takardar shaida da Turanci domin yaro mai neman makaranta, ko saurayi mai neman aiki. Abin da mu kan so mu faɗa shi ne, yaron nan yana da kai, yana gane abu da sauri. Amma Turanci yana da kalmomi fiye da goma na wannan zance, ba kuwa dukansu ne na yabo ba. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki ta farko da ya gani, ya yiwu ya ɓata sunan wanda ya ke so ya taimaka.

A Hausa ma haka abin ya ke. Idan aka ce mutum yana da basira, an yabe shi. Idan aka ce yana da wayo, sai mai ji ya dafe aljihunsa. Bari mu raba kalmomin Turancin kashi uku, domin su zauna a kai.

Kashi na fari, kalmomin gani. Babbarsu ita ce "insight". Kalmomi biyu aka haɗa, "in" watau ciki, da "sight" watau gani. Mai "insight" shi ne wanda ya ke ganin cikin al'amari, ba bayansa kaɗai ba. Ita ce ta fi kusa da basira, gama basira ma daga kalmar Larabci ta gani ta fito. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Sai "perceptive", watau mai lura da abin da ya ɓuya ga sauran mutane, kamar malamin da ya gane yaro yana jin yunwa tun yaron bai faɗa ba. Sai "discerning", wadda asalinta cikin Latin, harshen Romawan dā, shi ne rarrabewa, kamar yadda mace ta ke tankaɗe gari da rariya. Mai "discernment" ya iya raba gaskiya da abin da ya yi kama da gaskiya. Waɗannan uku yabo ne tsantsa, a rubuta su ba tsoro.

Kashi na biyu, kalmomin kaifi. Kamar yadda mu kan ce kaifin hankali, haka Turawa su kan kwatanta hankali da bakin wuƙa. "Keen" da "sharp" duka ana faɗinsu a kan wuƙa, ana kuma faɗinsu a kan mutum. "Acute" da "acumen" dangin kalmar Latin ce ta allura. An fi faɗin "acumen" a kan ɗan kasuwa wanda ya san lokacin saye da lokacin sayarwa. Akwai kuma "sagacious", wadda a dā kalmar karen farauta ce mai bin sawu da hanci, amma yanzu sai a littafi a kan gamu da ita, ana nufin dattijo mai hangen nesa. A nan sai a kula da "sharp". Idan aka ce hankalin yaro "sharp" ne, yabo ne. Amma "sharp practice" cuta ce a ciniki.

Kashi na uku, kalmomin wayo, nan ne kuwa ramin ya ke. "Clever" tana nufin mai saurin ganewa da dabara, amma ba ta faɗi kome a kan hali ba. Ɓarawo ma yana iya zama "clever". "Astute" da "shrewd" suna tsakiya, watau mutumin da ba a cutarsa, wanda ya san inda ribarsa ta ke. Asalin "shrewd" abin mamaki ne. Daga "shrew" ta fito, watau jaɓa, wadda mutanen Ingila na dā su ke ɗauka muguwar dabba ce. Da fari ma'anar kalmar mugu ce, daga baya ta gyaru. "Cunning" da "crafty" kuwa, su ne wayon dila da na Gizo, watau wayo mai haɗe da yaudara.

Mu lura, kalma ta kan sāke hali kamar mutum. "Shrewd" ta tashi daga mugunta ta zo kusa da yabo, "cunning" kuwa ta bi hanyar komawa baya. A dā ma'anarta gwaninta ce. Cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci wanda aka buga a 1611, zamanin Sarki Yakubu na Ingila, da ita aka kwatanta Dawuda gwanin kaɗa garaya, a 1 Samu'ila sura 16. Fassarar da aka buga a Amurka a 1952 ta cire ta, ta sa "skilful", domin ma'anar ta riga ta sāke. Saboda haka wanda ya koyi Turancinsa daga tsohon juyin nan, ya rubuta wa shugaban makaranta cewa yaronsa "cunning" ne, yana tsammani ya ce gwani, ashe ya ce mayaudari.

Me ya sa kalmomin su ka yi yawa haka? A shekara ta 1066 Normawa daga Faransa su ka ci Ingila da yaƙi. Daga nan kalmomin Faransanci da na Latin su ka yi ta shiga Turanci, su ka zauna tare da na gida. Shi ya sa "keen" da "sharp" da "wise" su ke na kowa da kowa, "acumen" da "discernment" kuwa na takarda. Haka Larabci ya kawo mana hikima da fahimta, su ka tarar da wayo a gida.

Ga abin da za mu riƙe. Kafin mu zaɓi kalma, mu tambayi kanmu, kaifin nan na mutumin, wa ya ke amfana? Idan yana gane gaskiya domin amfanin jama'a, mu ce "wise", ko "perceptive", ko "discerning". Idan saurin karatu ne, mu ce "bright" ko "quick". Idan iya ciniki ne, "shrewd" ta isa, amma mu ƙara "honest" a gefenta. "Cunning" da "crafty" kuwa, kada su shiga takardar shaida ko kaɗan.

Tambayoyi domin bita:

1. Wace kalma ce ta fi kusa da basira, don me kuma?
2. Mene ne bambancin "clever" da "wise"?
3. Dattijo ya sulhunta maƙwabta biyu a kan iyakar gona, ya gane wanda ya ke ƙarya. Wace kalma ta dace da shi?