Wanda ya faɗo, kada a yi gaggawar tada shi

Idan rani ya tsananta a ƙasar Dakoro, ciyawa ta ƙare, makiyaya suna hawan gawo su saro wa bisashe ganye. Masu ginar rijiya suna shiga ƙasa gaba 20, wani wuri ma fiye. Ran kasuwa kuma ga moto da mutum 3 cikin rairayi, ga manyan motoci da mutane zaune bisa kaya. Kowace shekara akwai mai faɗowa.

Faɗuwar ba ita kaɗai ke naƙasa mutum ba. Sau da yawa abin da aka yi masa bayan ya faɗo shi ke ƙarasa ɓarnar. Jama'a su rugo don tausayi, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a ɗora shi bisa moto. Mutumin da ke motsa yatsun ƙafarsa a gindin gawo, sai a isa likita ƙafafun sun mutu.

Abin da ke cikin ƙashin baya

Ƙashin baya ba ƙashi guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 jere bisa juna kamar ƴaƴan tasbaha. Akwai 7 a wuya, 12 inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a tsatso, sauran sun manne da juna can ƙasa. Suna da rami a tsakiya. Ta cikin ramin nan laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa tsatso. Duk wanda ya ga mahauci yana saran gadon bayan rago ya san laka. Fara ce, mai taushi. Ta mutum kaurinta bai wuce ƙaramin yatsa ba. Ita ke kai saƙo daga kai zuwa hannuwa da ƙafafu. Ita ke sa mutum ya riƙe fitsari da bayan gida.

Ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa. Laka idan ta tsinke ba ta ɗoruwa. Har yau babu lokotoron da ya iya haɗa ta, ko a Yamai ko a Faransa. To, mutum yana iya karya ƙashin baya alhali lakarsa lafiya lau. Amma idan aka lanƙwasa shi ko aka murɗa wuyansa, ƙashin da ya karye sai ya goce, ya danne laka ko ya yanke ta.

Yadda ake ganewa

Kafin a taɓa shi, a yi masa magana. A tambaye shi inda ke ciwo. Idan ya ce wuya ko tsakiyar baya, a ɗauka ƙashi ya karye har likita ta nuna ba haka ba ne. A ce ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. A taɓa tafin ƙafarsa, a tambaye shi ko ya ji. Idan ya ce jikinsa na yi kamar tafiyar kiyashi, ko ƙafa ta yi nauyi, ko fitsari ya kuɓuce masa, laka ta taɓu. Wanda ya suma bayan faɗuwa ba ya iya faɗin komi, don haka a bi da shi kamar mai karayar wuya.

Yadda ake ɗauka

Mutum guda ya durƙusa a wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da jiki. Ba ja, ba juyawa. Wannan mutum ba ya sakin kan sai an gama. A ciro ƙyauren ɗaki ko a nemo katako mai faɗi. Tabarma da zane ba su yi, don suna lotsawa a tsakiya. Mutum 3 su jeru a gefe guda, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu. Mai riƙe da kai shi ke ba da umurni. Su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungumen icce, a tura ƙyauren ƙarƙashinsa, a maida shi a hankali. A naɗe rawani ko zane a tokare kansa dama da hagu, a ɗaure shi da ƙyauren a goshi da ƙirji da ƙugu da ƙafafu.

Kada a ba shi ruwa ko fura, ko ya roƙa. Yana iya shaƙewa, kuma wataƙila za a yi masa aiki. Idan amai ya zo, a karkata ƙyauren duka da shi. Wanda ya faɗa rijiya tilas a fiddo shi, amma da ya iso baki a kwantar da shi a miƙe.

Moto ba abin ɗaukar irin wannan majinyaci ba ne. A kira majo na likitar da ke kusa, ya nemo ambilans. Idan babu, amalanke mai tafiya sannu ta fi moto mai sauri.

Nan wanda ya koyi rubutu zai yi amfani ƙwarai. Ya rubuta a takarda lokacin da mutumin ya faɗo, da abin da ya faɗo daga kai, da ko ya motsa ƙafa a lokacin. Ya ba majo takardar. Lokotoro yana son sanin ko ƙafar ta mutu nan take ko daga baya.

A likita

Daga likitar ƙauye ana tura majinyaci Dakoro, daga Dakoro zuwa Maradi, tafiyar kusan kilomita 120. Ana ɗaukar hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo. Akwai kuma sikaner, mai nuna abin da radiyo bai nuna ba. Wani a sa masa abin tokare wuya ko baya, ya kwanta, ƙashin ya ɗoru cikin kamar wata 3. Wani sai an yi masa aiki a babbar likita, an kafa ƙarfe ya riƙe ƙashin. Lakar da ta matsu ba ta tsinke ba tana iya farfaɗowa kaɗan kaɗan.

Maɗori ya san hannu da ƙafa, ba a raina shi. Amma baya da wuya ba nasa ba ne. Ja da matsa da takawa su ne ke yanke laka. Ƙaho da tsaga kuma ba su isa inda ciwon yake.

Wanda ya koma gida ƙafafu a shanye, babban abokin gabansa gyambo ne. Ba ya jin zafin kwanciya, fata sai ta ruɓe a ƙugu da diddige. A juya shi kowace awa 2, dare da rana. A bar shimfiɗarsa a bushe. A miƙe masa ƙafafu a lanƙwasa kullum don kada su sandare.

Ciwon baya ba faɗuwa

Ciwon bayan noma da daka da jan guga yawanci yana sauƙi cikin mako 6. Ba ya son doguwar kwanciya, mai shi ya riƙa ɗan tafiya. Amma akwai wanda ba a jira da shi: ciwon baya na watanni tare da rama da zazzaɓi da zufar dare, ko ƙusumbi yana fitowa a bayan yaro. Sau da yawa ƙwayar tarin fuka ce ta shiga ƙashi tana ci. Tana da magani a likita, kyauta ake ba da shi, sai dai ana sha watanni da yawa ba fashi. Idan aka bari ƙashin ya rushe, ƙafafu suna mutuwa.

A makarantar yaƙi da jahilci, bayan an karanta wannan darasi, malami ya sa a kawo ƙyaure. Ɗalibi guda ya kwanta, 4 su gwada ɗaukarsa, sauran su duba ko wuyansa ya motsa. Kowa kuma ya rubuta lambar wayar majo a bangon littafinsa.