Darasin Aikin Hannu: Zaɓen Takarda, Gam Da Bugu Wajen Haɗa Ƙaramar Ka'aba Ta Kwali

'Yan'uwana matan aure, a filinmu na wannan fitowa za mu ɗan ajiye girki da ɗinki, mu taɓa wani aikin hannu da ba a cika maganarsa a gidajenmu ba, wato haɗa ƙananan gine-gine da takarda. Ana zana bangon gini da rufinsa a shimfiɗe, a yanka, a ninke, a manne, sai ga gini ya miƙe a kan tebur. Abin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 19 maɗaba'u a Faransa da Jamus suke buga irin waɗannan takardu suna sayarwa, kuma har yau akwai dattawa masu furfura da suka mayar da shi abin ɗebe kewa. Yanzu kuma intanet ta kawo shi har cikin wayarki.

Na zaɓi Ka'aba ta zama misalinmu saboda dalili biyu. Na farko, bango huɗu ne da rufi, babu ginin da ya fi shi sauƙi ga mai koyo, kuma ba siffar abu mai rai ba ce balle a shiga maganar da malamai suka yi a kan sassaƙa. Na biyu, mu da muke koyar da babin Hajji mun san yadda yaro yake haddace cewa ana fara ɗawafi daga Hajarul Aswad, amma ki ce ya nuna miki ina dutsen yake, ina ƙofa, ina Hijiru Isma'il, sai ya tsaya yana kallonki. Har manyan mata masu niyyar tafiya haka ne. Idan aka ajiye musu abin a gabansu, cikin minti biyar sun gane.

Mafi yawan aikin da yake lalacewa, tun kafin a ɗauki almakashi ya lalace: a wajen sayen takarda da kuma a shagon bugawa. Shi ya sa darasin namu zai fi tsayawa a nan.

Nauyin takarda

Ki duba jikin ƙunshin takardar fotokofi, za ki ga an rubuta 70 ko 75 ko 80. Wannan lambar nauyin takardar ne, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya yake yi. Irin wannan takarda ta rubutu ce. Idan kika yi bango da ita, da ta ji gam za ta jiƙe ta tattare, bangon ya yi ciki kamar tsohuwar katanga a damina. Abin da ya dace shi ne kwali mai nauyin 160 zuwa 200. Yana tsayuwa da kansa, yana ninkuwa, kuma yawancin injinan bugawa suna iya jansa. Wanda ya haura 250 kuwa taurinsa ya yi yawa, yana fashewa a wurin ninki, kuma sau da yawa maƙalewa yake yi a cikin firinta, mai shago ya yi ta ƙorafi.

Masu sayar da kayan makaranta ba kullum suke sanin wannan lamba ba. To ki gwada da hannu. Ki riƙe kwali girman A4 ta gefe ɗaya. In ya ɗan sunkuya kaɗan ya tsaya, shi ne. In ya zube ƙasa kamar tsumma, ya yi laushi. Ki guji mai sheƙi irin na wanke hoto, don gam ba ya kama shi sosai, kuma duk yatsan da ya taɓa shi sai ya bar shaida.

Akwai wani abu da masu ɗinki za su fi saurin fahimta. Kamar yadda yadi yake da tsaye da kwance, haka takarda take da jijiya. Ki lanƙwasa ta ta tsawo, ki sake lanƙwasawa ta faɗi, za ki ji ɓangare ɗaya ya fi miƙa wuya. A bangon Ka'aba wannan bai dame mu ba, amma katangar Hijiru Isma'il rabin da'ira ce. A yawancin takardun A4 jijiyar tana bin tsawo ne, saboda haka ki yanko siririn da za ki yi katangar da shi daga faɗin takardar, sannan ki ja shi a kan gefen tebur sau biyu ko uku. Zai lanƙwasu lafiya lau. In kika yanko ta ɗaya ɓangaren, karyewa zai riƙa yi gaɓa-gaɓa.

Me za a buga, me za a bari

Shawarata a nan, kada ki buga baƙin. Zanen Ka'aba da ake samu a intanet kusan duk shafin baƙi ne wuluk. Tawadar da zai sha tana da yawa, mai shago zai caje ki kuɗin hoto mai launi, sannan da wuya baƙin ya fito daidai, sai ki ga layi-layi. Ki sayi baƙin kwali kawai, ki auna da rula da fensir ki yanka. Abin da za a buga bai wuce shafi ɗaya ba: ƙofa, ɗamarar nan mai ruwan zinare da ta zagaye sama, da ɗan zagayen azurfa na Hajarul Aswad. In ma babu halin bugawa, takarda mai ruwan ɗorawa da baƙin biro sun wadatar.

Sai wata magana da nake so a kula da ita sosai. Ɗamarar rigar Ka'aba ayoyin Alƙur'ani ne aka saƙa a jikinta, haka labulen ƙofar, kuma baƙin ƙyallen kansa akwai sunan Allah a cikin saƙarsa. Zanen da aka ciro daga hoto na gaske yana zuwa da waɗannan rubuce-rubuce. To ki tuna inda takarda take ƙarewa a gidan da yake da yara: ƙasan gado, bakin rariya, kwandon shara. Ga kuma ɓarnar da ake yi a shago, shafin da bai fito da kyau ba a nan ake jefar da shi ana takawa. Saboda haka ki nemi zanen da aka yi ɗamarar da ado kawai ba rubutu. In kuwa an riga an buga mai ayoyi, ki karɓo har wanda ya lalace, ki yi masa yadda ake yi wa tsohuwar takardar Alƙur'ani.

Injinan bugawa iri biyu ne a shagunanmu. Akwai mai ruwan tawada, akwai mai garin tawada da ake ce wa leza. Na ruwa launinsa yana shiga cikin takarda, ba ya fashewa idan an ninke, amma yawancinsa ba ya shiri da danshi. Ɗigon gam ko gumin hannu sai ya dame shi. Ki bar shi ya kwana kafin ki taɓa. Na leza kuwa zafi ne yake narkar da garin ya zauna a saman takarda, ruwa bai dame shi ba, sai dai a wurin ninki yakan tsage ya bar farin layi. Ga ƙofa da ɗamara na fi son leza, tunda manna su za a yi a shimfiɗe, kuma ɗamarar za ki iya yanka ta gida huɗu, kowane bango da nasa.

In kin zaɓi buga cikakken zane daga intanet, ki tsaya a kan mai kwamfutar ki ce ya bar girman ɗari bisa ɗari. Da yawansu sun saba danna zaɓin da yake matse zane ko ya buɗa shi don ya cika shafi. A wasiƙa wannan ba komai ba ne, amma a nan yana iya sa rufi ya fi bango girma. Kuma zanen da aka yi a Amurka an tsara shi ne a kan takardarsu mai milimita 216 da 279, alhali tamu ta A4 milimita 210 ce da 297, sai gefe ya yanke. Ki sa a fara gwada shafi ɗaya a farar takarda ta yau da kullum, ki auna da rula, sannan a sa kwalin. Duk shafukan kuma a inji ɗaya, a zama ɗaya.

Awo

Bangon da ƙofa take jikinsa kusan mita 13 ne, na ɓangaren Hijiru kimanin mita 11, tsayi kuma littattafai suna kawo tsakanin mita 13 da 15. Mu mayar da kowace mita santimita ɗaya, mu ɗauki tsayi 14. Kin ga dogon bango ɗaya da gajere ɗaya za su shiga A4 guda a kwance, har da ɗan leɓe na santimita ɗaya da za a shafa wa gam. Kwali biyu sun ba ki bango huɗu, na uku rufi. Ƙofar ba a ƙasa take ba, ta ɗaga kimanin mita biyu, wato santimita 2 a namu, tsayinta 3, faɗinta kusan 2. Kuma ba a tsakiyar bango take ba. Idan kina fuskantar ta, Hajarul Aswad yana kusurwar hagunki, ƙofar tana kusa da shi, Hijiru kuma yana bangon da yake damanki, indararon rufi yana zuba a cikinsa. A kiyaye wannan, don in aka juya shi, yaro zai tashi da hoton da ba daidai ba a kansa, gyaransa kuma ya fi koyarwar farko wuya.

Kafin ninki, ki ɗora rula a kan layi ki bi da biron da tawadarsa ta ƙare, ki danna kaɗan. Kusurwa za ta fito tsaf. Farin bakin takarda da ya leƙo, baƙar maka ta rufe shi.

Gam

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi dacewa, yana bushewa ya zama garai-garai. Amma ruwa ne a cikinsa, don haka da tsinken sakace ake shafa shi, siriri kamar ana sa kwalli. Ki matse da fegin shanya minti kaɗan. Gam na sanda da yara suke zuwa da shi makaranta ya isa manna ƙofa da ɗamara, amma ba ya riƙe kusurwa, musamman da hunturu, sai ki wayi gari bango ya buɗe baki. Sufa gulu kam kada ya shigo wannan aiki, yana manne yatsu kuma haɗari ne ga idon yaro. Koko ko sitaci da wasu suke dafawa yana kamawa, sai dai kin gayyato kyankyaso da gara.

Yanayi ma yana da nasa. Da damina kwali yana shan danshi ya yi laushi, ki adana shi a cikin leda a shimfiɗe, ƙarƙashin littafi mai nauyi. Da hunturu kuwa gam yana saurin bushewa, sai a riƙa shafa wa leɓe ɗaya a manne kafin a je na gaba.

Rufin yakan lotsa bayan 'yan makonni. Ki yanko kwalin taliya ko na sabulu daidai girmansa ki manna ta ciki, ki yi wa bangon ma haka in yara da yawa za su riƙa taɓawa. Gindin kuma babban kwali ne mai kauri a rufe shi da farar takarda, a zana kibiya mai nuna hanyar ɗawafi, Ka'aba tana hagun mai tafiya. Reza da wuƙar yanka suna hannunki ke kaɗai. Yara su yi ninki da shafa gam. Ki faɗa musu tun farko cewa wannan kayan karatu ne kamar allo da taswira, ba abin da ake sumbata ko a yi salla a gabansa ba. Ƙwayar wake ɗaya ta isa ta zama alhaji, yaro ya tura ta da yatsa daga kusurwar Hajarul Aswad, ya bi ta bayan katangar Hijiru ba ta cikinta ba, yana ƙirga har bakwai.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, za mu ƙara Maƙamu Ibrahim da Safa da Marwa a kan wannan gindin, don haka a bar fili ta ɓangaren ƙofa, kada a yanke kwalin.