Sinadaran Ƙwaƙwalwa da Tafiyar Shekaru

A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Ɗansoshiya, a yankin Kiru da Bebeji, idan dattijo ya soma mantuwa akan ce tsufa ne ya kama shi. Wani lokaci ma, idan tsohuwa ta shiga sambatu, sai a jefe ta da maita. Masana kimiyya suna da hanyar duba wannan al'amari ba tare da an tsaga kai ba.

Yadda Ake Awon

Tushen hanyar shi ne binciken da Felix Bloch da Edward Purcell suka bayyana a Amurka a 1946. Ana kwantar da mutum cikin na'urar MRI, wadda maganaɗisunta ya ninka na duniya kimanin sau 30,000. Sai a aika igiyar rediyo cikin kai, ƙwayoyin haidurojin da ke cikin sinadaran ƙwaƙwalwa su amsa. Kowane sinadari yana amsawa a kan zangonsa, kamar yadda kowace tashar rediyo take da tata mita. Daga ƙarfin amsar ne kwamfuta take ƙiyasta yawansa.

Abin da Awon ya Nuna

Sinadarin NAA yana cikin ƙwayoyin jijiya, kuma yawansa alama ce ta lafiyarsu. A ƙwaƙwalwar jariri kaɗan ne, yayin da kolin da inositol suke da yawa. Cikin shekarun farko na rayuwa NAA yakan hauhawa, sauran biyun su sauka. Idan girma ya zo kuwa, NAA da gulutamet sukan ragu sannu a hankali, kolin da inositol su ɗan ƙaru a wasu sassa.

A cutar Alzheimer, wadda ke kan gaba wajen haddasa gigin tsufa, NAA yakan ragu fiye da yadda shekaru kaɗai suke rage shi, inositol kuma ya ƙaru sosai.

Kammalawa

Ashe ke nan tsufa daban, cuta daban. Dattijon da ya manta inda ya ajiye carbinsa yana cikin halin da aka saba gani. Wanda ya kasa gane hanyar gonarsa ko fuskar 'ya'yansa, likita ya kamata a kai shi, domin wasu musabbaban mantuwa, irin su ƙarancin bitamin B12, suna da magani.

Tambayoyi

1. Ta yaya na'urar take bambance sinadari da sinadari?
2. Me ya raba mantuwar tsufa da ta cuta?