Mu San Kalmar "Rafi"

Jama'a masu karatu, kalmarmu ta yau ita ce rafi. Tana da ma'ana uku.

Ta farko, rafi ƙaramin ruwa ne mai gudu. Bai kai gulbi girma ba, kamar Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba. Ƙorama ƴar'uwarsa ce: takan cika in an yi ruwan sama, daga baya ta ƙafe. A ƙasar Dakoro kwari muka fi sani, kamar kwarin Tarka, inda ruwan damina ke kwanciya ya zama tabki.

Ta biyu, rafi wurin noman rani ne a bakin ruwa. Albasa, tumatir da salati, su ake kira kayan rafi.

Ta uku, rafi wurin ɗiban ruwa ne. In an ce Hajara ta tafi rafi, to da tulu ta fita.

A nan ne ya kamata mutanen Bader Gula su kula. Ruwan da dabbobi ke shiga yana kawo zawo. Wanka a tabki yana iya sa yaro tsargiya, wato fitsarin jini. Kurkunu ma ta ruwan sha yake shiga jiki. Tace ruwa ya taimaka har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Saboda haka a tace ruwa, a tafasa kafin a sha. Mai fitsarin jini kuwa a kai shi likita.

Aiki: rubuta jimla uku da kalmar rafi, kowace da ma'anarta.