Yadda Ake Sa Taki a Fadama Ba Tare da Ɓata Ruwa Ba

Duk ruwan da ya bar gonar fadama a Tarai ta Kibiya yana da mai jiransa a gaba: makiyayi da shanunsa, mai wanki, mai rijiya a bakin rafi. Ruwan Kibiya da Rano kuwa ba nan yake tsayawa ba, ƙarshen tafiyarsa fadamun Hadeja da Nguru, inda kacala ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan gina dam ɗin Tiga a 1974. Takin da ya zurare daga gonaki yana ƙara wa irin wannan ciyawa da gansakuka ƙarfi.

Fadama mataci ce, amma sai ruwa ya tsaya a cikinta take tacewa. Aikin duka a nan yake.

Da farko manomi ya bar wa bakin rafi ciyawarsa, taku biyar ko fiye, kada garma ta taɓa. In wurin ya riga ya zama fili, ya dasa jema ko gamba. Da yawa suna ganin asarar ƙasa ce, alhali wannan ciyawar ce ke rage gudun ruwa har laka ta kwanta, kuma sinadarin fosfaras a jikin laka yake tafiya.

Sai a yanka fangali a daidaita shi, a ɗaga kunya yadda ruwa ba zai tsallake ba. Takin gida a baza shi a juya da ƙasa kafin dashe. Jibge kashin shanu a gaɓa ganganci ne.

Takin zamani shi ne mai buƙatar natsuwa. A raba shi, kada a zuba gaba ɗaya: NPK bayan dashe ya kama, yuriya kuma daga baya, sau biyu. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, kuma da ta ga ruwa take narkewa, don haka a tona gefen shuka a turbuɗe ta. In shinkafa ce, a rage ruwan fangalin, a toshe mafita, a watsa, a bar shi 'yan kwanaki kafin a buɗe. In hadari ya haɗu, a ɗaure bakin buhu sai gobe.

A ƙarshen gona a haƙa ɗan kududdufi ya tare ragowar ban-ruwa. A cikin laka mai jiƙe da ruwa akwai ƙwayoyin halitta da ke mayar da sinadarin naitiret na taki iska. Wannan ruwan ma ana iya sake ba shuka.

Rijiyar sha kuma a haƙa ta nesa da fangali, ta wajen tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a lita, jarirai ne kuma ya fi yi wa illa. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi.