Yadda Ake Ƙawata Alamomin Tsarin Gaɓa a Shafin Intanet

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin tsarin sauti ya san gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB. B na wakiltar kowane baƙi, W kuma kowane wasali. Ana gab da jarrabawa na ɗora wannan bayani a shafin intanet don bita, sai wani ɗan aji ɗaya ya tambaye ni wace kalmar Hausa ce take farawa da "bw". Laifina ne, don ban bambanta alamar da harafin gaske ba. Ga yadda na gyara.

Alamar var

HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, yana da alama ta musamman don abin da ke tsaye a madadin wani abu. Sunanta var. Idan na rubuta <var>B</var>, kwamfuta za ta fito da B a karkace. Amma mu ɗaliban harshe mun saba karkata kalmomin misali kamar gida, don haka karkatarwa kaɗai ba ta wadatar ba.

Sa mata ado a cikin layi

Tun HTML 4.0 na 1997 ake iya sa kalmar style a cikin alamar buɗewa. Misali:

<var style="color:red; font-style:normal; font-weight:bold">B</var>

Umarni na farko ya mai da harafin ja, na biyu ya miƙar da shi, na uku ya kaurara shi. Ni nakan ba W launin shuɗi, sai gaɓoɓin gida su fito sarai: gi BW, daa BWW. A kula da abu uku: ruwa biyu tsakanin siffa da ƙimarta, waƙafi mai ruwa tsakanin umarni da umarni, sannan a rufe alamar zance.

Kammalawa

Wannan dabara ta dace da wuri ɗaya ko biyu ne. Idan alamomin sun kai hamsin, gyara su ɗaya bayan ɗaya wahala ce. Gara a rubuta umarnin sau ɗaya a fayil ɗin CSS. Sai dai a sani, adon cikin layi yakan rinjayi na fayil idan suka saɓa. Kada kuma a dogara da launi kaɗai, domin wasu ba sa bambance launuka, wasu kuma baƙi da fari za su buga takardar. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.